Tsutsar Kwamfuta da Batun Sauya Babbar Manhaja: Nazari a kan Shagunan Buga Takardu da Ƙananan Ofisoshi a Arewacin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda tsutsar kwamfuta, wato muguwar manhajar da ke yaɗa kanta daga na'ura zuwa na'ura, take samun wurin zama a shagunan buga takardu, makarantu da ƙananan ofisoshi na ɓangaren Kaduna da ke arewa da kogi. Ta bi tarihin manyan tsutsotsi daga 1988 zuwa 2017, sannan ta gwada shi da yadda ake saye, ake ɗora manhaja, ake kuma amfani da kwamfuta a nan. Hujjar maƙalar ita ce, amincin babbar manhaja ya dogara ne a kan ko faci, wato gyaran da ake fitarwa don toshe ɓarakar tsaro, yana isa gare ta, kuma a Kaduna mai gyaran kwamfuta ne ke yanke wannan hukunci tun ranar da ya yi wa na'ura fomatin. Daga nan ta bambance kwamfutocin da ya dace a mayar kan Linux da waɗanda sauyin zai tsayar wa masu su da sana'a.

1.0 Gabatarwa



Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 facin tsaro na yau da kullum. Windows 7 ta riga ta shiga wannan hali tun 14 ga Janairu, 2020, Windows XP kuwa tun 8 ga Afrilu, 2014. Wanda ya san shagunan da ke layin Ahmadu Bello Way, da na kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da na Kawo da Unguwar Rimi da Tudun Wada, ya san har yau ana cin abinci da waɗannan manhajoji uku. Mafi yawan na'urorin gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo da wasu ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora. Windows 11 kuwa tana buƙatar ɗan guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel na zubi na 8 ko wanda ya biyo bayansa, kuma ɗimbin na'urorin da ke hannun mutanenmu ba su cika wannan sharaɗi ba. Ga na'ura lafiya lau, tana buga takarda, tana shiga intanet, amma kamfanin da ya yi manhajarta ya sallame ta. Tambayar ita ce, ina mai ita zai nufa?

2.0 Abin da Tarihin Tsutsotsi Ya Nuna

Ƙwayar cutar kwamfuta ta gargajiya sai ta maƙale a jikin wani fayil, sai kuma mutum ya buɗe shi. Tsutsa tana tsaye da ƙafarta, tana laluben na'ura ta gaba da kanta. Ta farko da ta girgiza intanet ita ce wadda Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki ranar 2 ga Nuwamba, 1988. An ƙiyasta ta taɓa kwamfutoci kusan 6,000, kuma duk na dangin Unix ne, dangin da Linux ta ɗauko tsarinta daga gare shi. Ya kamata masu ɗokin Linux su riƙe wannan.

Daga nan sai zamanin Windows. Code Red ta kama sabobi 359,000 cikin ƙasa da awa 14 a ranar 19 ga Yuli, 2001. Slammer, wadda girmanta bai wuce bayit 376 ba, ta mamaye kusan na'urori 75,000 cikin minti 10 a ranar 25 ga Janairu, 2003. Blaster ta zo a Agusta 2003, Sasser a 2004, Conficker a Nuwamba 2008, WannaCry kuma ranar 12 ga Mayu, 2017, inda ta kulle fiye da kwamfutoci 200,000 a ƙasashe 150, ta sa asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000.

Akwai zare ɗaya da ya ratsa su. Kowace daga cikinsu ta bi ta ƙofar da an riga an fitar da facinta. Facin ɓarakar da Blaster ta bi ya fito a Yuli 2003. Na Conficker ya fito a Oktoba 2008. Na WannaCry ya fito ranar 14 ga Maris, 2017, kusan wata 2 kafin ɓarnar. Waɗanda abin ya ci, mutane ne da magani ke ajiye a gabansu ba su sha ba.

Labari ɗaya daga 2017 ya shafe mu kai tsaye. Ranar 27 ga Yuni, tsutsar NotPetya ta taso daga Yukren ta shafe kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk a duniya baki ɗaya, har da sabobin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shigarsu. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, guda ɗaya ce ta tsira, wadda ke ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta ta sauka daga layi kafin tsutsar ta iso. Aka ciro faifanta, aka kawo shi Nijeriya, daga nan wani ma'aikaci ya hau jirgi da shi zuwa Landan. Kamfanin ya yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300. Abin dariya ne a ce ɗauke wuta ya yi rana, amma darasin a fili yake: kwafin da ba ya haɗe da layi shi ne ke tsira.

3.0 Hanyar Tsutsa a Kaduna

Idan aka ɗauko shawarwarin da ake rubutawa a Turai aka shimfiɗa su a nan, za a ga wani sashe bai hau ba. Can, tsutsa irin Blaster tana bin lambobin intanet ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa ƙofa. A nan yawancinmu ta layin waya muke shiga, na MTN ko Airtel ko Glo, ta modem ko ta wayar hannu, kuma kamfanin ya tara masu amfani da yawa a bayan lamba ɗaya. Saboda haka da wuya wani daga waje ya iso ƙofa ta 445, wadda WannaCry ta bi, a kwamfutar da ke shago a Malali. Wannan kariya ce ta sa'a, kuma tana ƙarewa da zarar an haɗa na'urori a ɗaki ɗaya: cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ɗakin karatun makaranta, sashen rajista na asibiti. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta irin waɗannan ɗakuna suka yawaita. Na'ura ɗaya ta kamu, sauran na bayanta.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Babbar hanyar tsutsa a garin nan filashi ce.

Mu dubi abin kusa. Ɗaliba ta gama rubuta kundin kammala karatunta, ta sa a filashi ta kai shago a buga mata. Mai shago ya soka a kwamfutarsa, wadda tun safe take karɓar filashin jama'a, kamar askar wanzami ɗaya a kan kowa. Ta koma ɗaki ta buɗe, sai ta tarar manyan fayilolinta duk sun koma 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gindi, abin da yara ke kira bairos ɗin shotkot. Fayilolin suna nan, tsutsar ta ɓoye su ne ta hanyar sa musu alamar ɓoyewa da ta fayil ɗin tsari, ta ajiye gajerun hanyoyi masu sunayensu. Da ɗalibar ta danna ɗaya don ganin babi na uku, abu biyu ke faruwa: babin ya buɗe, ta sami natsuwa, a ɓoye kuma wani ɗan rubutu ya gudana ya dasa tsutsar a kwamfutarta, ya rubuta kansa cikin jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows. Duk filashin da ya shiga wannan na'ura daga ranar ya ɗauka. Gobe ta kai wa malami gyara, jibi malamin ya kai sakamakon jarrabawa ofis.

Dangin tsutsotsin da ke wannan aiki sanannu ne: Gamarue, wadda hukumomin tsaro na ƙasashe suka rushe cibiyoyinta a ƙarshen 2017 amma ɓurɓushinta ke yawo a filashi, da Houdini ta 2013, da Raspberry Robin ta 2021. Microsoft ta rufe tashin filashi kai tsaye a XP da Vista tun Fabrairu 2011, shi ya sa suka koma yaudarar yatsan mutum. Kuma ɓoye fayil shi ne mafi sauƙin ɓarnarsu. Da yawansu suna buɗe wa wani na nesa hanya ya shigo, ya ga abin da ake bugawa, ya kwashi kalmomin sirri. A tuna abin da ke ratsa kwamfutar shago a rana guda: takardar NIN, hoton fasfo, rasidin Remita, bayanan asusun banki, takardun fili. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ba shi awa 72 ya sanar da hukumar NDPC idan aka yi ɓarakar da za ta iya cutar da masu su. A ganina, kaɗan ne daga masu shaguna suka taɓa ɗaukar kansu a matsayin waɗanda dokar ke magana da su.

4.0 Teburin Mai Gyara

Ga inda nake so mu daɗe. Wanda ya sayi kwamfuta a garin nan ba ya zaɓen babbar manhaja. Yakan ce wa mai gyara, "Oga, a saka mini komai da komai." Mai gyara ya ciro filashinsa na aiki, wanda ke ɗauke da Windows da Office da CorelDRAW da Photoshop, ba ɗaya mai lasisi, tare da 'yar manhajar fasa kwado da za ta sa su yi kamar an biya. Riga-kafin Defender da ke zuwa cikin Windows yana ganin wannan 'yar manhaja ya share ta, don haka matakin farko shi ne a kashe Defender. Mataki na biyu a kashe sabuntawa, kuma mai gyara yana da dalilansa. Sabuntawa tana cin data, data kuwa ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Tana iya tona asirin manhajar da aka fasa. Sannan idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, a na'urar da batirinta ya mutu, Windows na iya ƙin tashi, mai kaya ya dawo da faɗa. Mai gyara yana kashe wutar gabansa ne.

Sakamakon shi ne na'ura tana barin tebur ba mai gadi, ba hanyar karɓar faci, mai ita kuma yana aiki da asusun shugaba wanda ke da ikon canza komai, don haka duk abin da ya danna ya gaji wannan iko. Bayan 'yan watanni ta yi nauyi, ta fara daskarewa, a mayar da ita a sake fomatin da filashin nan dai. Kuɗin fomatin ɗin ma wani ɓangare ne na abincin mai gyara. Ba zargi nake yi ba. Ina nuna cewa duk shirin wayar da kai da ya tsaya kan masu amfani, ya tsallake masu gyara, ya bar wurin da ake yanke hukunci.

5.0 Linux: Abin da Take Magancewa da Wanda Ba Ta Magancewa

Linus Torvalds ya fara Linux a 1991. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, ta fito a Oktoba 2004, kuma zubinta na dogon zango yana samun faci kyauta na shekara 5. Linux Mint da Lubuntu suna gudu sumul a na'urorin da Windows 11 ta ƙi.

Amfaninta ga halinmu ya fi abin da aka saba faɗa takamaimai. Ba ta da lasisin da za a fasa, don haka dalilin kashe tsaro ya faɗi. Manhajoji suna zuwa daga rumbu ɗaya mai sa hannu, faci ɗaya kuma yana gyara tsari da burauza da manhajar ofis gaba ɗaya. Mai amfani ba ya zama da ikon shugaba sai ya shigar da kalmar sirri. Gajeriyar hanya ta Windows da rubutun da ke bayanta ba sa gudana a kanta. Idan aka soka filashin ɗalibar nan a Linux, fayilolin da aka ɓoye za su bayyana, ga tsutsar kwance a gefe, a share ta da hannu. Ga masu rubutun Hausa kuma, tsarin allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ yana cikinta tun asali.

Sai dai masu cewa Linux ba ta kamuwa sun yi wa gaskiya ƙari. Tsutsar Ramen ta kama Linux ɗin Red Hat a 2001, Slapper ta bi sabobin Apache a 2002. Mirai ta 2016 kuwa a kan rautoci da kyamarorin tsaro masu Linux ta yaɗu, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka taho da su daga masana'anta. Da wani reshenta ne Daniel Kaye, ɗan Birtaniya, ya durƙusar da kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, aka ɗaure shi wata 32 a Janairu 2019. Rautar da ke rataye a bangon ofisoshinmu, wadda har yau sunan shiga da kalmar sirrinta duk "admin" ne, Linux ce a cikinta. Linux ɗin da ba a yi wa faci daidai take da Windows ɗin da ba a yi wa. Haka kuma tana iya zama 'yar aike: tsutsar ba za ta cije ta ba, amma idan ba a share ba za ta wuce a filashi zuwa na'ura ta gaba.

Akwai kuma cikas na sana'a. Masu zanen katin biki, kalanda, fosta da allon shago a garin nan da CorelDRAW suka koyi aiki, ita maɗaba'a ke karɓa, kuma ba ta da zubin Linux. Inkscape tana zane mai kyau, amma ba ta buɗe duk fayilolin Corel yadda suke. LibreOffice tana buɗe takardun Word, sai dai kundi mai shafi ɗari da jadawali na iya zamewa, lambar shafi ta koma wani wuri, ɗalibi kuwa ba zai yafe wannan ba ana gobe kare kundi. Tsoffin rubuce-rubucen Hausa da aka yi da font na musamman irin Rabi'at sai an kwafo font ɗin. Na'urorin ɗaukar zanen yatsa da wasu firintoci direbobinsu na Windows ne kawai. Wanda ya ce wa mai irin wannan shago ya goge Windows yau, ya ce masa ya rufe shago ne.

Gogewar wasu ta nuna yadda ake bi. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya mayar da kusan na'urori 15,000, sannan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Jandarmomin Faransa kuwa sun fara da sauya manhajar ofis a 2005, burauza a 2006, sai a 2008 suka taɓa babbar manhaja, lokacin ma'aikata sun riga sun saba da kayan aikin, kuma sun ɗore. Mu ma muna da namu tarihin. An yi Wazobia Linux da Hausa da Yarabanci da Ibo wajen 2006, ba ta yi nisa ba. A 2007 kamfanin Mandriva ya sami kwangilar ɗora Linux a kwamfutocin 'yan makaranta 17,000 a Nijeriya, har shugabansa ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan an shirya goge ta a saka Windows. Waɗannan namu biyu duk daga sama suka sauko, ba wanda ya fara da tambayar wa zai gyara na'urar idan ta tsaya a Rigasa ko Badarawa.

6.0 Rabon Na'urori

Abin da nake ba da shawara shi ne a daina tambayar wace manhaja ta fi, a riƙa duba aikin kowace na'ura.

Na'urar da aikinta burauza ne, wato cike fom, biyan kuɗin makaranta, duba sakamako, imel, ba ta da uzurin zama a Windows 7 ko 10 mara faci. Chrome da Firefox iri ɗaya ne a ko'ina, mai amfani da ƙyar zai lura an sauya. Waɗannan su ne na farkon komawa Linux Mint, ko ChromeOS Flex da Google ta fitar a 2022 don tsoffin na'urori.

A shagon buga takardu, na'urar da ke karɓar filashin jama'a ita ce ta fi cancantar Linux, ko da tsohuwa ce da aka jingine. A kanta za a buɗe, a share abin sharewa, a tura takardar zuwa na'urar aiki. A kuma koya wa abokan ciniki su zo da PDF, wanda ba ya zamewa a kowace manhaja, ko su turo ta WhatsApp ko imel.

Na'urar CorelDRAW ta zauna a Windows, amma da sharuɗɗa. Idan tana ɗaukar Windows 11, a ɗora mai lasisi. Da yawa daga na'urorin gwanjo suna zuwa da lasisinsu a rubuce cikin allon uwa, masu gyara ne ke danne shi da na fashi don gaggawa. A bar Defender a kunne, a buɗe wa yaron shago asusu mara ikon shugaba, a kashe tsohuwar hanyar raba fayil ta SMB zubi na 1. Idan ba ta ɗauka, a cire ta daga intanet, kada filashin baƙo ya taɓa ta. Batun data ma yana da mafita: ana sauke facin wata sau ɗaya daga rumbun Microsoft Update Catalog a zaga da shi, ko a kunna tsarin da ke barin na'urorin ɗaki ɗaya su raba abin da ɗaya ta sauke. Aikin da ba a son rasawa kuma a kwafe shi a faifan waje, a zare, a sa a aljihun tebur.

Duk wannan yana hannun masu gyara, kuma a nan manyan makarantunmu ke da rawar takawa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana Tudun Wada, Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 tana kan Tafawa Balewa Way, dukkansu tafiyar Keke Napep ce daga shagunan da ake magana. Horo na 'yan kwanaki, da Hausa, a kan tebur da na'ura a buɗe, zai wadatar a koya wa mai gyara ɗora Linux Mint, haɗa firintar HP, da gane lasisin da ke cikin na'ura. Hukumar NITDA da cibiyar ngCERT suna fitar da gargaɗi a kan sababbin hare-hare, amma da Turanci, a shafukan da mai gyara ba ya leƙawa. Ɗaliban sashen kwamfuta da na Hausa za su iya haɗuwa su riƙa mayar da shi gajeren saƙon murya da za a jefa a zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyin masu gyara. Sai kuma a sauya yadda ake biyansu: makaranta ko ofis ya yi yarjejeniyar wata-wata da mai gyara don kula da faci da kwafi, ta yadda zai fi samun kuɗi idan na'urorin ba su kamu ba fiye da idan sun dawo fomatin.